Surukina, Wanda Ya Kai Gasar Makarantu Gidan Tele

Daga Allah muke, wurinsa kuma muka nufa. Surukina ya riga mu isa.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu da ƙasa ta rufe shi ba. Baba nake ce masa, kamar yadda mijina yake ce masa. Mutanen Madarumfa kuwa Mushe suke kiransa, wato malamin lakwal, makarantar boko, ko da yake ya daɗe da aje aiki. Motsa jiki ya koyar duk rayuwarsa.

Ina tuƙa tuwo ya cika. Ƙanwar mijina ce ta fito daga ɗakinsa ta zube a tsakar gida. Na ji ihunta, na gane abin da ya faru, amma hannuna bai saki muciya ba. Sai da na gama tuƙin, na kwashe, na rufe, na wanke hannu, sannan na shiga wurin Inna, matarsa. Tuwon nan baƙin farko suka ci. Har yau hawaye bai zo mini ba. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce, "Madam, ko na ƙarya ne ki ɗan matsa ido, mutane na kallo." Na ce mata to. Na matsa, babu abin da ya fito.

Gida ya cika da mutanen da suka taɓa gudu a gabansa. Akwai masunta da suka bar jirgi a bakin tabki suka zo da ƙarnin kifi a jiki, akwai masu lambu, akwai wani soja cikin kayan aiki. Wani ƙato mai tumbi da furfura a gemu ya zauna a bakin zaure yana kuka kamar yaro, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ni ne mai tsaron ragarsa na farko." Wani tsohon alƙalin wasa Kirista, abokin Baba tun suna samari, ya zo daga Maradi. Mijina ya ce ya bi su har maƙabarta, ya tsaya daga baya riƙe da hularsa har aka gama. Da ya leƙo yi wa Inna gaisuwa, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Sau ɗaya ya taɓa zagina a fili, kuma shi ke da gaskiya."

Amma ba kowa ya zo da yabo ba. Wasu mutanen ƙauye sun yi gaisuwa gajera. "Allah ya jiƙan shi, Allah ya yafe mashi." Na ji yadda suke danna kalmar yafewar, na kuma san abin da suke nufi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron kada rabin mutane su riƙe rabinsa, sauran su riƙe ɗaya rabin, a wayi gari babu wanda ya san mutumin gaba ɗayansa.

Ƙaninsa, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya iso a kan babur daga ƙauyensu na yankin Gabi kafin a yi wanka. Ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin, shi ya wanke shi. Maza suka dubi juna, domin kowa ya san shekaru ke nan babu abin da ke tsakanin mutanen nan biyu sai gaisuwa.

Abin da ya raba su ya samo asali ne tun kafin in shigo gidan. Baba yana matashin malami ya haɗa kolej huɗu suka riƙa buga ƙwallo tsakaninsu: tamu ta cikin gari, ɗaya ta wajen garin Sarkin Yamma, ɗaya ta hanyar iyaka, sai ta ƙauyen da aka haife shi, inda Baba Ƙarami yake koyarwa yana kuma horar da yara. Da an gama girbi sanyi ya shigo, sai a fara. Masu masauki su share kara, su tsince ƙaya. Sandunan raga na itacen dogon yaro ne, ragar kuwa tsohon taru ne da masunta suka ba shi. Baƙi su zo a kan amalanken shanu suna waƙa, a tarye su da fura da kwaɗon zogale. Kofin ma mai zubin tukwanen dalma ne ya zuba masa shi a kasuwa, hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Yana da wata doka da babu mai taka ta. Waɗanda suka ci wasa su za su ja wa waɗanda aka ci ruwan wanka a rijiya. Yaro in ya ɓata rai, sai Baba ya ce masa, "Wanda ka kayar shi ya ba ka wasa. In babu shi, da iska za ka buga?" Ba ya ce wa kowa raggo. Sai dai ya ce, "Ƙafarka na barci, tashe ta." Usur ɗinsa yana rataye a wuya da igiyar takalmi, har masallaci da shi yake zuwa a ƙarƙashin riga. Kowane yaro ya san ubansa, ya san kakansa, yakan ce gudu ma gado ne. Da safe yakan zaga gefen tabki da sassarfa, mata masu zuwa lambu suna dariya suna cewa ga Mushe can yana korar abin da ba a gani.

Ni daga Maradi aka kawo ni, malamar lakwal ce ni ma. Tsakanina da shi akwai kunyar surukai, shi kuwa ya riƙe ta da gaske. Ko ina tsaye a gabansa ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ta bakin Inna. Wata rana ina shara ya ce, "A tambayi Madam, an ce ta buga ƙwallon hannu tana makarantar lise?"

Inna ta juyo ta ce, "Kin ji."

Na ce, "A ce masa haka ne."

Ya ce, "To a ce mata ga ƴan mata can zaune suna kallon maza, ƙafafunsu na barci."

Haka wasan ƴan mata ya fara. Shi ya bi gida gida yana roƙon iyaye maza, shi ya kai wa tela yadi aka ɗinka dogayen wanduna da gajerun hijabai. Ranar gasa ƴan matana ke fara bugawa, sannan maza su shiga. Ban taɓa jin daɗin wani abu a aikina kamar wannan ba.

Da na yi ɓarin cikina na farko, matan unguwa suka fara cewa guje-gujen fili ne ya jawo. Maganar ta shigo har cikin gida, ina kwance ina jin ta ta bayan labule. Baba ya fito tsakar gida, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce wa Inna, "A gaya wa masu magana, rai na Allah ne, ba na fili ba. Wanda ke da sauran zance ya zo ya same ni." Daga ranar ban sake jin ta ba. Washegari ya aiko mini da gasasshen kifi, ya ce a ce mini ƴan matana suna jirana, amma ba gaggawa.

Wannan mutumin ne ya kai gasar gidan tele, kuma da ƙafarsa ya kai ta. Babu wanda ya yaudare shi.

Abu biyu suka tura shi. Wata shekara wani yaro ya karye a cinya ana cikin wasa a ƙauye. Babu mota, babu kuɗin mota. A kan amalanke aka ɗauko shi yana ihu, sai da Baba ya sayar da ragonsa aka kai shi likita a Maradi, duk da haka yaron har yau yana ɗingishi. Na biyu kuwa, yawancin iyayen yaran ba sa gida lokacin gasar, suna Najeriya ci-rani. Wani uba ya dawo gab da damina aka ba shi labarin ɗansa ne ya ci ƙwallon da aka ɗauki kofi da ita. Mutumin ya ce, "Da dai na gani." Baba ya daɗe yana maimaita maganar nan.

Sai ga wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a wani gidan tele mai zaman kansa a Maradi. Ya ce ana iya nuna wasannin, masu talla su biya, a ba makarantu rabonsu. Baba ya yi ta zirga-zirga tsakanin Madarumfa da Maradi har aka shirya.

Shekarar farko babu wanda ya yi ƙorafi. Yara suka sa takalman ƙwallo, wasu a karon farko. Aka sami riguna masu lamba, da akwatin magani, da mota mai jira a bakin fili. Iyaye daga Kano da Legas suna kallo a waya, suna kira suna ihu. Uban nan da ya ce da ya gani, ya ga ƙaramin ɗansa yana gudu, ya kira Baba yana ta sa masa albarka. Ranar na ga haƙoran Baba duka. Baba Ƙarami ma yana wurin, su biyun suna tafawa kamar yara.

Daga nan mutanen tele suka ce makarantu huɗu ba sa cika musu lokaci, kuma masu talla masu kallon birni suke so. Aka shigo da manyan makarantun Maradi. Shekara ta zagayo aka ƙara wasu daga nesa, garuruwan da yaranmu ba su taɓa zuwa ba. Kafin a ankara makarantu sun haura ashirin. Aka ce filayen ƙauye ba su da kyau a hoto, babu wuta kuma, sai aka mayar da wasanni babban filin Maradi, a ranakun da gidan tele ya zaɓa. Rabon kuɗi kuma ya koma gwargwadon yadda aka nuna ka. Wanda aka fi kallo aka fi nunawa, wanda aka fi nunawa ya fi samu, ya ƙara ƙarfi, aka ƙara kallonsa. An sayo sabon kofi mai ƙyalli. Na dalma ya dawo gida, Inna tana zuba tsintsiyar laushi a ciki.

Wasan ƴan mata aka fara cirewa. An ce kowane minti na tele kuɗi ne, babu wurin wasa biyu. Baba ne shugaban kwamiti, a gabansa aka yanke. Ya dawo gida da yamma, ya zauna ya cire takalmi, ya daɗe yana duban su. Sannan ya ce wa Inna, "A ce wa Madam ta yi haƙuri. Bana dai ne."

Na ce, "A ce masa to."

Ba bana ba ne kawai, mu duka mun sani. Na yi ƙoƙarin ci gaba da ƴan matan a filin makaranta, amma babu wanda za su buga da su, iyaye kuma da suka ga Mushe ya janye sai suka janye ƴaƴansu. Ban taɓa yi masa maganar ba. Ba yadda zan yi. Na ci gaba da kai masa ruwan alwala, yana ce wa Inna a yi mini sannu.

Sannan abin ya iso kan makarantar ƙauyensu. Yaran Baba Ƙarami sukan taso tun duhun asuba, su iso Maradi a gajiye, a ci su, su koma. Rabonsu ba ya isar kuɗin esans, wato man mota. Wata rana motarsu ta mutu a hanya, suka iso bayan lokaci ya wuce, gidan tele ya zauna yana nuna fili babu kowa. Bayan haka aka kawo shawara a raba gasar gida biyu: na sama a nuna su a ba su kuɗi, na ƙasa su yi ta kansu. Makarantar ƙauyen da ta wajen Sarkin Yamma suna cikin na ƙasa. Mutanen tele suka ce in ba a yarda ba za su ɗauke komai su yi da makarantun birni kaɗai. Aka ce a ɗaga hannu. Baba ya ɗaga.

Da la'asar Baba Ƙarami ya zo gidanmu. Ina bakin murhu, duk na ji.

"Yaya, ni na ga hannunka sama. Da ba ni wurin anka ba ni labari, da na ce ƙarya ne."

"Zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Filin da anka ce ba shi da kyau ga hoto, ni da kai munka tsince ƙayar shi da hannu. Gonar babanmu ce."

"In ban yarda ba, duka za su ɗauke. Har ta garin ga ta rasa. Gara a rasa yatsa da a rasa hannu."

"Yatsan wa? Kai ka koya muna cewa wanda ka kayar shi ya ba ka wasa. Mu da munka ba ku wasa shekara da shekaru, yau mun zama yatsa?"

Baba ya ce, "Abin ya girma ne. Tabki in ya cika ba ya tambayar gonar wa ya ci."

"Tabki ba ya ɗaga hannu, Yaya."

Ya juya ya fita. Inna ta bi shi har zaure tana cewa ya tsaya ko ruwa ya sha, bai waiwayo ba.

Ba su yi gaba irin wadda addini ya hana ba. In suka haɗu wurin suna ko jana'iza sukan yi musabaha. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyi. Daga nan kowa ya dubi wani gefe. Ni a ganina da ma zagi suka yi da ya fi wannan gaisuwar sauƙi. Mutanen da a da suke kwana ɗaki ɗaya suna gardamar wasa har Inna ta buga musu ƙofa. Duk shekara Baba yana sa Inna ta aika masa da busasshen kifi, matarsa ta karɓa ta aiko da gyaɗa. Mata biyu ne suka riƙe igiyar.

Gidan ƙasa bai yi nisa ba ya mutu. Babu kuɗi, kuma wa zai sake hawa amalanken shanu bayan ya ga wasu cikin mota a tele? Yaran ƙauye masu ƙafa aka riƙa janye su zuwa makarantun birni. Filin ƙauyen aka shuka gyaɗa a cikinsa. Baba Ƙarami ya ci gaba da koyar da darasinsa har ya aje aiki, bai sake riƙe usur ba.

Shi ma Baba ba a daɗe ba aka ɗaga shi sama, aka ce shugaban girmamawa ne. Aka ba shi kujera a ƙarƙashin rumfa, matasa masu jawabi da Faransanci suka karɓi aiki. In aka yi taro sai a gaya masa abin da aka yanke. Wata shekara katin gayyata bai zo ba. Mijina ya so ya bi ba'asi, Baba ya hana shi. Ya ce mota na gajiyar da shi dama.

Daga nan a gida yake kallo. Da farko yakan nuna yaro ya ce, "Wancan jikan wane ne, dubi yadda yake jefa ƙafa, kakansa sak." Daga baya sai ya riƙa tambayar mijina, "Wanga ɗan wa ne?" Mijina ya ce bai sani ba. Ya nuna wani, nan ma bai sani ba. Ƙarshe ya bar tambaya. Amma bai taɓa fashin kallo ba.

Mutane suna tambayata ko ya yi nadama. Ban sani ba. Wani baƙo ya taɓa zuwa yana ta sukar gasar, yana jira Baba ya taya shi. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Yaron da ya karye yanzu, mota ke kai shi likita kafin uwarsa ta ji. Tahi ka tambaye ta ko gasar ta lalace." Kuma gaskiya ne. Wasu yaran daga nan suka samu shiga manyan ƙungiyoyi, ɗaya ma ya gina wa iyayensa gida a unguwarmu. Amma kuma na sha ganinsa a bayan ɗaki da famfon keke yana hura tsohuwar ƙwallon ƴan matana, wadda babu mai taɓa ta. Ya hura, ya danna da babban yatsa, ya mayar da ita saman rumbu. Bayan wani lokaci iskar ta fice, ya sake. Ya san na gani. Bai ce a ce mini komai ba, ni ma ban ce a ce masa ba.

Da daminar bara hawan jini ya kayar da shi a bakin ƙofa. Ɓarin jikinsa ɗaya ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tashin ƙafafun mutane, sai an ɗaga masa tasa. Bai yi raki ba. In mijina yana motsa masa ita yakan ce, da muryar nan da ta karkace, "Barci take." Baba Ƙarami ya zo duba shi, ya zauna kaɗan, ya yi addu'a, ya tafi. Haka aka ci sanyi, zafi ya shigo, sannan Baba ya cika.

Ranar sadakar bakwai mutum biyu suka zo, ɗaya daga gidan tele, ɗaya daga kwamiti. Bayan addu'a suka ce suna neman izinin iyali a sa sunan marigayi a kan kofin gasar, daga wasan ƙarshe na bana. Mijina ya nuna Baba Ƙarami ya ce, "Ga babanmu nan. Abin da ya ce shi ke nan."

Mijina ya ce kowa a zauren ya juya gare shi. Akwai mutanen ƙauye a zaune, suna jira su ji an rama musu. Baba Ƙarami ya daɗe yana jan tasbaha. Sannan ya ce, "Ku sa. Abin shi ne, shi ya so shi."

Na kwamitin ya ji daɗi, ya fara cewa za su duba yadda za a dawo da makarantar ƙauye badi. Baba Ƙarami ya ɗaga masa hannu. "Kada ka yi mani alkawari a gidan makoki. Ku tashi lafiya."

Baba Ƙarami ya dawo ranar sadakar arba'in, ya kwana. Washegari da yamma ne wasan ƙarshe. Mijina ya fito da tele ƙarƙashin rumfa, kusa da ƙofar Inna da ke takaba. Ta ce ita ba kallo za ta yi ba, amma ta ɗage labule. Mun ɗauka Baba Ƙarami zai hau babur ɗinsa kafin a fara. Sai ya jawo tabarma ya zauna.

Ana jiran a fara ya dube ni, ya yi mini magana kai tsaye, abin da ba a saba ba. Ya ce, "Madam, kin san ya kira ni a waya, bayan da ya faɗi?"

Na ce ban sani ba.

"Da ƙyar nike gane abin da yake cewa. Na ce yau za a yi maganar. Na fita bayan gida don kada a ji mu. Sai ya tambaye ni ko an yi shuka. Na ce an yi. Ya ce ruwa fa? Na ce da godiya. Munka yi shiru, ina jin numfashin shi, yana jin nawa. Har kuɗin wayar ya ƙare." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ina da kuɗi cikin tawa. Ban kira ba."

Na ce Allah ya ba mu haƙuri.

Aka fara. Bayan tallar sinadarin miya da ta layin waya, sai ga hoton Baba ya cika tele. Tsohon hoto ne na ranar da aka fara nuna wasa, yana tsaye a bakin fili cikin babbar riga, yana dariya. Mai magana ya faɗi sunansa, ya ce shi ne uban gasar. Ƴan wasa suka tsaya shiru kaɗan, yaran da babu ɗaya da ya taɓa ganinsa.

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Hular ga ba tashi ba ce."

Muka juya.

"Aro ce. Tashi ta sha wanki ba ta bushe ba."

Baba Ƙarami ya matsa kusa da tele, ya ƙura ido. Ya ce, "Tawa ce. Daga kaina ya cire ta da safen ranar, ya ce shi ne za a nuna. Bai maido mani ba."

Hoton ya ɗauke, aka busa usur. Mijina ya tashi ya shiga ɗakin Baba. Muka ji yana buɗe akwati yana rufewa. Can ya fito da hular, zaren ya koɗe, bakin ya yi duhu da gumi. Ya miƙa wa Baba Ƙarami da hannu biyu.

Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya kai hanci. Ya cire tasa ya aje a kan gwiwa, ya sa wannan. Ta zurma masa har kan gira.

Ya ce, "Ya buɗa mani ita. Tun muna yara kan shi ya fi nawa girma."

Bai gyara ta ba. Haka ya zauna da ita har aka tashi wasan. Da maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga yana tambaya wa ya ci, babu wanda ya iya ba shi amsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci. Abin da ya yi daidai Allah ya karɓa, abin da ya kuskure Allah ya rufe masa. Mu da muka rage, Allah ya kwance mana harshe tun muna jin numfashin juna.